Spasimo: Cocin Palermo Da Sararin Sama Ya Zame Wa Rufi

A tsohon birnin Palermo, hedikwatar tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, akwai wata unguwa daf da bakin teku da ake kira Kalsa. Idan mutum ya bi wani siririn titi a cikinta mai suna Via dello Spasimo, zai iske wata ƙofa da ba ta da wani kwarjini. In ya shiga, sai ga tsakar gida da ɗakuna a jere irin na tsohon asibiti, kuma da ma asibitin ne a da. In ya ƙara gaba kaɗan, sai ya tsinci kansa a cikin wani makeken zaure na dutse mai launin ƙasa-ƙasa, bango ya miƙe ta hagu, ya miƙe ta dama, manyan bakuna masu tsini suna tsaye cif. Sai ya ɗaga kai ya ga babu rufi. Gajimare ne ke wucewa a inda ya kamata a ce an rufe.

Sunan wurin Santa Maria dello Spasimo, mutanen gari kuwa sukan taƙaita su ce Spasimo. An fara gina shi a 1509 don ya zama coci da mazaunin masu ibada, amma ibadar ba ta cika shekara 65 a cikinsa ba. Daga 1573 zuwa yau ya zama gidan wasan kwaikwayo, ya zama wurin killace masu annoba, ya zama rumbun alkama, gidan gajiyayyu, asibiti, har ma da juji. Wanda ya bi wannan jeri a hankali zai lura da abu guda: kusan duk sa'ad da wani tsoro ya kama Palermo, nan ake zuwa a sauke shi. Tsoron jiragen yaƙi ya bar alamarsa a jikin ginin, tsoron cuta ya bar tasa, haka yunwa da talauci. Wannan ne ya sa bin tarihin Spasimo yake kamar bin tarihin birnin kansa na shekara ɗari biyar.

Unguwar da aka gina shi

Sunan Kalsa daga Larabci ya fito. A shekarar 827 rundunar Aglabawa, masu mulkin yankin da yake Tunusiya a yau, ta sauka a Sisili. Jagoranta shi ne alƙalin Ƙairawan, Asad ɗan Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina, kuma littafinsa ne ya zama tushen Mudawwanar Sahnun da malaman Malikiyya suka sani. Asad ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa, amma yaƙin ya ci gaba, Palermo ta faɗa hannun Musulmi a 831, ta zama babban birnin tsibirin. A 937, zamanin Faɗimawa, aka gina wata unguwa mai ganuwa kusa da tashar jiragen ruwa, inda sarki da dakarunsa da ma'aikatansa za su zauna nesa da hayaniyar mutanen gari. Aka sa mata suna Al-Khalisa, wato keɓantacciya ko tsarkakakkiya. Bakin mutanen Sisili ne ya murɗe sunan ya koma Kalsa.

Normawa, wasu mayaƙa da suka taso daga arewacin Faransa, sun ƙwace Palermo a 1072. Sun riƙe magina da masu sana'a da suka tarar, shi ya sa har gobe ake ganin coci-coci a birnin masu ƙananan ƙubbobi irin na masallatai, kamar San Cataldo da San Giovanni degli Eremiti. Bayan Normawa mulki ya yi ta sauya hannu, har a 1282 mutanen Palermo suka yi wa Faransawan da ke mulkinsu tawaye, suka kira sarkin Aragon na ƙasar Sifaniya. Saboda haka a lokacin da labarinmu zai fara, Sisili tana ƙarƙashin sarautar Sifaniya, wakilin sarki ne ke zaune a Palermo yana tafiyar da mulki.

Mai ginin da sunan ginin

Wani masanin shari'a mai dukiya, Giacomo Basilicò, shi ne ya ba da fili da kuɗin aikin, yana cika wasiyyar matarsa da ta riga shi rasuwa. Filin yana can ƙarshen Kalsa, a jikin ganuwar birni. Ya miƙa shi ga wata ƙungiyar ƴan zuhudu, wato mazan Kirista da ke barin aure da dukiya su tare a gida ɗaya don ibada. Ana ce musu ƴan Monte Oliveto, uwar gidansu tana kusa da birnin Siena, kuma da fararen tufafi aka san su. Fafaroma Julius na Biyu ya ba da izini a rubuce a 1509, aka soma aiki. Don mai karatu ya auna nisan zamanin, shekara goma ke nan bayan rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Rumfa.

Kalmar spasimo a Italiyanci tana nufin raɗaɗin da ke murɗe mutum har ya kai shi ga suma. A bisa imanin Kiristoci, Nana Maryam ta gamu da ɗanta Annabi Isa (AS) a kan hanya yana ɗauke da gungumen gicciye, baƙin ciki ya kama ta. A birnin Ƙudus akwai wurin da masu ziyara ke tsayawa don tuna wannan gamuwa, kuma ana ruwaito cewa Basilicò ya kai ziyara can, abin ya shiga ransa, ya dawo da niyyar gina makamancinsa a garinsu.

Abin sha'awa, sunan kansa ya zo da gardama. A 1506 wasu sun roƙi Fafaroma Julius ya ware ranar biki ta musamman don tuna sumar Maryam. Sai ya tambayi wani babban malamin coci, Tommaso de Vio, wanda aka fi sani da Cajetan. Malamin ya rubuta amsa yana cewa ba a sami zancen suma a cikin Linjila ba, kuma bai dace a ce mace mai irin wannan daraja hankalinta ya gushe a wannan sa'a ba. Bikin bai samu shiga ba, amma jama'a ba su saki sunan ba, shekara uku bayan haka Fafaroman nan ya sa hannu aka gina coci da shi.

Yadda aka tsara ginin

A 1506 Julius na Biyu ya aza harsashin sabon cocin Saint Peter a birnin Roma, bisa tsarin magini Bramante. Yayin da ake yi a Roma a lokacin shi ne komawa ga salon Rumawan dā: ginshiƙai masu zagaye, bakuna masu siffar rabin da'ira, da babbar ƙubba. Palermo ba ta bi wannan yayi ba. Idonta yana kan Barcelona da Valencia, garuruwan da take ciniki da su kuma take sarki ɗaya da su. Don haka aka gina Spasimo da tsohon salon da Turawa ke kira Gotik, a daidai lokacin da salon yake ban kwana da sauran Italiya.

Alamar Gotik ta farko ita ce baka mai tsini a sama. Baka mai rabin da'ira yana tura nauyi gefe da ƙarfi, sai an yi masa bango mai kaurin gaske. Mai tsini kuwa ya fi sauke nauyinsa ƙasa, don haka magini yana iya ɗaga bango ya yi tsawo ba tare da ya buɗe ba. Alama ta biyu ita ce haƙarƙarin rufi. Wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon soro ya ga ɗaurin guga, inda bakunan gizo ke tasowa daga bango su haɗu a tsakiya su ɗauki rufin, ya riga ya fahimci dabarar. Bambancin shi ne maginanmu da azara da laka suke yi, na Palermo kuwa da sassaƙaƙƙen dutse, kowane guntu an fere shi ya zauna a kan ɗan'uwansa, sai dutse na ƙarshe da ake cusawa a tsakiya ya kulle su duka.

Zauren tsakiya na Spasimo dogo ne mai faɗi. Hagu da dama akwai sassan gefe da ɗakunan addu'a, ana shiga su ta ƙarƙashin manyan bakuna. Can ƙurya, inda limamin coci ke tsayawa, bangon ya lanƙwasa ya yi kusurwoyi, dogayen tagogi sirara sun tsaga shi, a samansa kuma haƙarƙarin dutse sun haɗu sun yi siffar tauraro. Wannan rufin na ƙurya yana nan har yau, shi ne ke nuna wa mai kallo yadda aka so sauran ya kasance.

Gotik ɗin Palermo ya bambanta da na Faransa. A can ana huda bango a cika shi da gilasai masu launi, saboda rana ba ta wadace su ba. A Sisili rana ta yi yawa, inuwa ake nema, don haka bangon Spasimo a toshe yake, ado kaɗan ne, tagogi ƙanana. A bakin shiga an yi rumfar dutse mai faffaɗan baka wanda ya ɗan kwanta, irin wanda ake gani a cocin Santa Maria della Catena kusa da tashar jirage. A gefen rumfar akwai wani ɗaki mai ƴar ƙubba a kansa, irin ta zamanin Normawa da Larabawa. Sama da shekara ɗari huɗu bayan ƙarewar mulkin Musulmi a birnin, hannun maginin Palermo bai manta wannan siffa ba.

Zanen da ya fi gidansa suna

Basilicò bai tsaya ga gini ba. An aika Roma aka nemi Raffaello, wanda duniya ta fi sani da Raphael, ya zana hoton da za a kafa a cocin. A lokacin babu mai zanen da ake rububi kamarsa, shi ke ƙawata ɗakunan fadar Fafaroma. Ya yi aikin a kan allon katako wajen 1516, tsayinsa ya haura mita uku, faɗinsa ya haura mita biyu. Hoton yana nuna Annabi Isa (AS), yadda Kiristoci ke ba da labarin, ya faɗi ƙarƙashin gungumen, ya dafa wani dutse, ya waiwayo yana kallon mahaifiyarsa. A jikin dutsen nan mai zanen ya rubuta sunansa. Maryam kuwa tana durƙushe ta miƙa hannu biyu, idonta a buɗe. Raphael bai zana ta a sume ba, ya bi ra'ayin malamai ko da yake sunan cocin yana faɗin akasin haka.

Giorgio Vasari, wanda ya wallafa tarihin masu zanen Italiya a 1550, ya ba da labarin cewa jirgin ruwan da ya ɗauko hoton ya gamu da guguwa ya farfashe, mutane da kaya suka salwanta, sai akwatin hoton kaɗai ruwa ya kai gaɓar Genoa, aka buɗe aka tarar ko ɗigo bai taɓa shi ba. Mutanen Genoa suka ce tsuntsu daga sama gasasshe, suka riƙe abinsu, sai da Fafaroma ya sa baki suka sake shi. Vasari mutum ne mai son labari mai daɗi, don haka masana tarihi suna karɓar wannan da taka-tsantsan. Abin da ya tabbata shi ne hoton ya iso Palermo, aka kafa shi cikin wani bagadi na farin dutse mai santsi wanda Antonello Gagini, babban masassaƙin Sisili na zamanin, ya sassaƙa masa. Raphael ya mutu a 1520 yana da shekara 37.

Igwa ta kori masu ibada

Ana cikin gini sai al'amuran Bahar Rum suka dagule. Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ƙarƙashin Sultan Sulaiman, ta zama mai ƙarfin jiragen yaƙi. Ita ce daular da Mai Idris Aloma na Barno ya aika wa jakadu a shekarun 1570. A 1534 babban kwamandan jiragenta, Khairuddin Barbarossa, ya kama Tunis, wadda tsakaninta da Sisili tafiyar kwana ɗaya ko biyu ce a ruwa. A 1535 Sarki Charles na Biyar ya haɗa runduna ya ƙwato Tunis, a kan hanyarsa ta komawa ya biyo ta Palermo. Ya naɗa Ferrante Gonzaga wakilinsa a tsibirin, aikin da ke gabansa kuwa shi ne ƙarfafa biranen gaɓa.

Matsalar ita ce tsohuwar ganuwar Palermo an yi ta ne don zamanin kibiya da tsani. Doguwa ce siririya, irin wadda igwa ke rugurguzawa cikin ƴan kwanaki. Dabarar da injiniyoyin Italiya suka fito da ita ita ce a yi ganuwa gajera mai kaurin gaske, a cika bayanta da ƙasa don ta shanye dukan harsashi, sannan a fitar da manyan tungaye masu siffar kan mashi a kusurwoyi, yadda igwar da ke kan wannan tunga za ta kare gaban waccan. Gonzaga ya ɗora wa injiniya Antonio Ferramolino, mutumin Bergamo, wannan aiki, kuma daga 1536 aka shiga yi. Ɗaya daga cikin tungayen ta faɗo daidai kan filin ƴan zuhudu.

Aka haƙa gwalalo a gefensu, aka tara tudun ƙasa a jikin cocin har ya kusa kai tagogi. Gidan da aka gina don natsuwa ya koma bakin daga. Ferramolino kansa bai ga ƙarshen rigimar ba, an kashe shi a 1550 wajen yaƙin Mahdiyya a gaɓar Tunusiya. Tsoro kuma bai ragu ba: Turkawa sun kama Tarabulus a 1551, sun kewaye Malta a 1565. A 1569 majalisar birnin Palermo ta saye wurin gaba ɗaya saboda bukatar tsaro. A 1573 ƴan zuhudun suka kwashe kayansu suka koma cocin Santo Spirito a bayan gari, wurin da tawayen 1282 ya faro. Suka tafi da hoton Raphael da bagadinsa, suka bar ginin da ba a kammala ba.

Hoton ma bai dawwama a hannunsu ba. Sarki Philip na Huɗu na Sifaniya mutum ne mai kwaɗayin tara zane-zane, kuma a 1661, da haɗin bakin shugaban ƴan zuhudun da wakilin sarki, aka ɗauke hoton aka kai Madrid bisa alkawarin za a riƙa biyan gidan kuɗi duk shekara. Ya tsira daga gobarar da ta cinye fadar Madrid a 1734. Sojojin Napoleon sun kwashe shi zuwa Paris a 1813, a can aka ɗaye fentin daga kan katako aka mayar da shi kan ƙyalle, bayan faɗuwar Napoleon aka mayar wa Sifaniya. Yau yana rataye a gidan kayan tarihi na Prado a Madrid, ana kiransa Spasimo na Sisili, alhali rabonsa da Sisili ya haura shekara 360.

Wasa, annoba, alkama, jinya

Mu koma ga ginin da aka bari. Da hukuma ta ga ga babban zaure a hannunta babu mai amfani da shi, sai ta mai da shi wurin taruwar jama'a. A 1582, zamanin wakilin sarki Marcantonio Colonna, wanda ya jagoranci jiragen Fafaroma a yaƙin Lepanto na 1571, aka nuna wasan kwaikwayon Aminta na marubuci Torquato Tasso a cikinsa. Ana lissafa Spasimo cikin gidajen wasa na jama'a na farko-farko a Italiya. Wannan shi ne ɗan lokacin sararawa da ginin ya samu.

A watan Mayun 1624 wani jirgi ya iso daga Tunis ɗauke da fursunonin da aka fanso da kuma kyaututtuka ga wakilin sarki. Da shi annoba ta shigo, irin wadda ƙumar ɓeraye ke yaɗawa. Dubban mutane suka mutu, har da wakilin sarkin kansa, Emanuele Filiberto, a watan Agusta. Hukuma ta rasa inda za ta kai marasa lafiya, sai ta tuna da Spasimo: yana gefen gari, bangonsa dogo, ƙofarsa ɗaya ce ake tsarewa. Dandalin wasa ya koma wurin killacewa. A cikin wannan annoba ce aka ce an gano ƙasusuwan waliyyiya Rosalia a kan dutsen Pellegrino, aka zaga gari da su, kuma har yanzu duk tsakiyar watan Yuli Palermo tana bikin tunawa da ita. Bikin kowa ya san shi, amma zauren da aka kwantar da masu mutuwa ba a cika ambatonsa ba.

Da annoba ta lafa sai ginin ya zama rumbu. Sisili ƙasar alkama ce, amma sarakuna sun fi son sayar da ita waje, kuma idan burodi ya yi tsada talakawan Palermo ba sa shiru, kamar yadda suka tayar da ƙayar baya a 1647. Don haka majalisar birni takan ajiye hatsi saboda baƙar rana, Spasimo yana cikin wuraren ajiyar. Mai rumbu hatsinsa ya dama da shi, ba ya duba tsagewar da ke can sama. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 rufin zauren tsakiya ya rufta, ba a kuma sake mayar da shi ba.

A ƙarni na 19 aka shigo da mabarata da gajiyayyu. Aka gina ɗakuna a tsohon mazaunin ƴan zuhudu, aka yanyanka sassan gefe da bangaye. An taɓa keɓe wurin ga masu ciwon tunjere, cutar da mutane ke jin kunyar a gan su da ita, daga baya ya zama asibiti mai suna Principe Umberto, inda aka fi kwantar da tsofaffi da waɗanda ba su da mai jinya. Asibitin ya ci gaba da aiki har tsakiyar shekarun 1980. Ga mutanen Kalsa na wancan zamani, in an ce an kai wane Spasimo, an san ba a sa ran dawowarsa.

Daga juji zuwa dandali

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa Palermo mugun ta'adi. Jiragen Amurka da Ingila sun yi ta ruwan bama-bamai a 1943, mafi muni ranar 9 ga Mayu, kuma Kalsa da ke jikin tashar jiragen ruwa ta fi kowa shan wuya. Gutsattsarin ginshiƙai da sassaƙe-sassaƙen da aka tsinto daga rusassun fadoji da coci-coci, aka kwaso aka zube a zauren Spasimo. Bayan su shara ta biyo. Girgizar ƙasa ta 1968 ta ƙara raunana bangayen. Wata bishiya ƴar asalin ƙasar Sin, wadda Turawa ke kira ailantus, mai tsirowa a duk inda aka yi sakaci, ta fito a tsakiyar zauren ta miƙe tana neman hasken da ke shigowa ta inda rufi ya faɗi.

Sakacin nan da dalilinsa. Bayan yaƙi, maimakon a gyara tsohon birni, sai ƴan siyasa irin su Salvo Lima da Vito Ciancimino suka buɗe wa ƴan kwangilar da ke da alaƙa da ƙungiyar Mafiya ƙofa, aka sare gonakin lemo na bayan gari aka cika su da benayen siminti. Masu hali suka bar tsakiyar birni, aka bar talakawa cikin kango. A wannan unguwa ta Kalsa aka haifi Giovanni Falcone a 1939 da Paolo Borsellino a 1940, sun yi wasan ƙuruciya a filin Magione, ƴan taku kaɗan daga Spasimo. Su ne suka girma suka zama alƙalan binciken da suka haɗa babbar shari'ar 1986 zuwa 1987, inda aka gurfanar da mutum 475, aka ɗaure sama da 300. Mafiya ta rama. Ta kashe Falcone da bam ranar 23 ga Mayun 1992, ta kashe Borsellino ranar 19 ga Yuli, kwana 57 tsakani.

Kisan nan biyu ya tunzura mutanen Palermo. A 1993 suka zaɓi Leoluca Orlando magajin gari da ƙuri'u kusan kashi 75 cikin ɗari, kuma cikin manufofinsa akwai ƙwato tsohon birni ta hanyar buɗe wuraren da aka kulle. Tunanin mai sauƙi ne: unguwar da mutanen kirki ke tsoron shiga da dare, ta ƴan ta'adda ce, in kuwa aka ba jama'a dalilin zuwa, an rage musu fili. An riga an fara gyaran Spasimo tun ƙarshen shekarun 1980, sai aka ƙara himma, aka kwashe tarkace, aka rushe bangayen da asibiti ya ƙara. A watan Yulin 1995 aka buɗe shi ga jama'a. Shekara biyu bayan haka aka sake buɗe babban gidan waƙa na Teatro Massimo, wanda ya shekara 23 a rufe.

Masu gyaran sun tsai da shawara guda da ta ba wurin kamanninsa na yau: ba su mayar da rufin ba, kuma sun bar bishiyar a tsaye. Tudun ƙasar da Ferramolino ya tara, wanda ya kori ƴan zuhudu, an mai da shi lambu, mutum yana hawa ya leƙo cikin cocin daga sama. A tsoffin ɗakunan asibiti, ƙungiyar makaɗa ta Brass Group, wadda Ignazio Garsia ya kafa a 1974, tana koyar da kiɗan jaz. Da bazara ana kafa dandali a ƙarƙashin rufin tauraron nan na ƙurya, lanƙwasar bangon tana turo sauti zuwa ga masu sauraro, su kuwa suna zaune a fili.

Bagadin Gagini ma ya dawo gida. Bayan an raba shi da hoton ya yi ta yawo daga wannan wuri zuwa wancan, har aka daina sanin inda yake. A 1986 wata masaniyar tarihin zane, Maria Antonietta Spadaro, ta gano shi a wargaje a wani gida na limaman Jesuit a garin Bagheria, kusa da Palermo. Sai a 2020, shekara 500 cif da mutuwar Raphael, aka harhaɗa shi aka kafa a Spasimo. A cikinsa aka sa kwafin hoton, wanda kamfanin Factum Arte ya yi a kan katako bayan ya ɗauki na asalin da na'urori. Kamfanin a Madrid yake, garin da ya riƙe na ainihin.

Barin ginin babu rufi yana da tsadarsa. Ruwan sama yana dukan dutsen da aka sassaƙa don zaman ɗaki, gyara ba ya ƙarewa, da hunturu kuma zauren ba ya taruwa. Kirista mai kishin addininsa yana iya jin ciwo ya ga wurin da aka keɓe don ibada ana busa ƙaho a ciki, kuma ba za a ce bai da hujja ba. Duk da haka ina ganin masu gyaran sun yi daidai. Da sun rufe shi sun shafe shi da fenti, da an sami coci mai kyau na shekarar 1509, irin wanda Italiya ke da ɗaruruwansa, da kuma an binne shekara ɗari huɗu na waɗanda suka kwana a ciki suna jiran mutuwa, da masu auna alkama, da tsofaffin da babu mai zuwa duba su. A yadda yake yanzu, yaron makarantar da aka kawo yawon buɗe ido zai ɗaga kai ya tambayi malaminsa ina rufin ya tafi, malamin kuwa ba shi da hanyar amsawa sai ya faro daga Barbarossa da igwa, ya biyo ta jirgin 1624, ya zo kan alƙalai biyun da aka haifa a bayan wannan bango.